Hannun da Ake Aunawa

Keken ɗinkina a baranda yake, daf da ƙofar ɗakin Baba Jethro, shi ya sa duk abin da zan faɗa da idona na gan shi, ba wani ya ba ni labari ba. Gidan haya ne a Narayi, ɗaki tara, famfo ɗaya, da igiyar shanya biyu da mata ke faɗa a kansu kowace Asabar. Ni ce Celina mai ɗinki, shekarata goma sha ɗaya a gidan. Baba Jethro tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun da aikin ya tsaya yake zaune wurin ɗansa Ebenezer, mai gyaran wutar lantarki, da matar ɗan, Vivian, wadda ke tallar atamfa da takalma ta waya.

Wayar da ta jawo wannan labari ba tasu ba ce. Wasu masu bincike ne daga wata jami'a suka zo asibitin unguwa suna neman tsofaffi masu hawan jini. Aka rubuta sunan Baba, aka ba shi babbar waya sabuwa fil, da data kyauta kowane wata, da abin awon jini irin wanda ake naɗawa a damtse. Abin awon nan ba ya nuna lamba a jikinsa, sai ta cikin wayar. Kowace safiya wayar za ta ɗauki hoton fuskar Baba don a tabbatar shi ne, a naɗa masa abin a hannu ya matse ya saki, sannan wata muryar mace ta tambaye shi yaya jiki, ya amsa. In kore ya fito, shi ke nan sai gobe. In ja ya fito, saƙo ya tafi ofishinsu nan take, nas ta kira, in ta kama ta zo har gida. Magani ma kyauta ne, likitansu ne ke duba lambobin daga can ya ce a ƙara ko a rage.

Ranar da aka kawo wayar Baba har wanka ya sake. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya zauna a benci yana gaya wa duk mai wucewa cewa yanzu likita a aljihunsa yake kwana. Na tsokane shi na ce to sai a yi hattara da naman kai da ake saye a ɓoye a Sabon Tasha, ya yi dariya har da tari. Aljihun nasa dai bai kwana da ita ba ko sau ɗaya. Kafin yamma Vivian ta karɓe ta don ta sa caji, washegari hotunan atamfofinta sun cika ta.

A mako na biyu ja ya fito kwana biyu a jere. Nas ɗin ta zo, wata siririyar yarinya daga Makera, Sumayya, da jakarta a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta auna shi da kanta, sannan ta nemi ganin tukunyar miya. Ta ɗanɗana, ta ce gishiri da dunƙule sun yi masa yawa, a riƙa ɗiba masa tasa kafin a zuba. Ta ce a kai shi asibiti Laraba da sassafe. Ta kuma ce in jan ya ci gaba za a kwantar da shi, wanda aka kwantar kuwa ya fita daga rukunin masu awo a gida, sai a mai da waya a bai wa wani. Ba da faɗa ta yi maganar ba, Allah ya sani. Laifinta ɗaya, a tsakar gida ta yi ta, mata uku na wanki a bakin famfo, kuma kowa ya san kunnen mai wanki ya fi hannunta aiki.

Vivian ta raka ta har ƙofa tana murmushi, ta dawo fuska a murtuke. Ta ce wai yarinyar da ba ta san yadda ake riƙe gida ba ce za ta zo ta buɗe mata tukunya a gaban mutane. Larabar aka kai Baba asibiti, Ebenezer ya rasa aikin yini guda a layi, ya dawo yana huci. Daga ranar ban sake jin ƙarar ja daga ɗakin nan ba. Ƙarar kuwa na san ta, sau uku take yi, kamar ta fanka mai neman lalacewa.

Sai da aka yi kusan mako kafin na gane dalili. Na shiga karɓar almakashina da Vivian ta ara, na tarar da su zaune a bakin gado kafaɗa da kafaɗa. Wayar tana hannunta na dama tana kallon fuskar Baba. Abin awon kuwa yana naɗe a damtsenta na hagu, ta saukar da hannun ƙasa inda hoto ba ya kaiwa.

"Baba, ku ɗan yi murmushi mana," in ji ta.

Ya yi. Abin ya matse hannunta ya saki, kore ya fito. Muryar nan ta cikin waya ta tambayi jiki, Baba ya gyara zama kamar mai amsa wa babban baƙo, ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, dariya na yi. Na ce mata kai Vivian, ke da wayo sai dai a bar ki. Ta ce ai na kwana biyu ne kawai, kafin jinin ya sauka, don jan nan da ƙararsa su ne ma ke tsorata tsohon su ƙara tayar masa da jini. Na ɗauki almakashina na fita. Wannan dariyar har yau tana ci mini rai.

Kwana biyu ya zama wata. Tukunya ta koma ɗaya kamar da. Da na yi magana Vivian ta ce gas ba ruwan famfo ba ne da za ta yi girki biyu, kuma Baban da kansa ba ya cin miya salam. Wannan gaskiya ne, ba ya so, amma ba wanda ya taɓa gwada lallashinsa. Baba ya fara kwana da ciwon kai ya tashi da shi. Yakan fito benci da safe ya riƙe ƙeya da hannu biyu, ya rufe ido, in na tambaya ya ce rana ce. Takalminsa na roba ya daina shiga ƙafarsa, sai ya riƙa taka bayansa.

A ƙarshen wata na biyu saƙo ya shigo. Likita ya ga jinin Baba ya daidaita ƙwarai, ya rage maganin zuwa rabi. Vivian ce ta karanta da ƙarfi a baranda, har da taɓa hannu. Na dube ta, ta kau da kai. Da ta shiga ɗaki na bi ta na ce mata yanzu abin ya wuce wasa, likita jininta yake gani yana rage wa tsoho magani. Ta ce to ai maganin ma yawansa ba alheri ba ne, shi ke sa shi yawan fitsari da jiri. Ta ce kuma ita ke wanke masa kaya, ita ke dafa masa, 'ya'yansa mata biyu suna Abuja ko kira ba sa yi, don haka wanda bai taɓa ɗaukar fo ɗin fitsarinsa ba kada ya koya mata jinya. Lokacin cikinta ya fara fitowa, na fari bayan shekara huɗu da aure, ban so na tayar mata da hankali ba, na fita na bar ta.

Na tari Ebenezer da yamma yana kwance igiyar tsani daga babur. Na ɗauka bai sani ba. Ashe ya sani sarai, ranar Lahadi ma in Vivian ta tafi coci da wuri nasa hannun ake aunawa. Ya saurare ni yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Anti Celina, in aka kwantar da shi wa zai zauna da shi? Ni in bar aiki, ko ita da cikin nan? Tsufa ne kawai. An yi masa addu'a a coci, zai warware." Ya ƙara da cewa kasuwar Vivian kaf a wayar nan take yanzu, in aka karɓe ta an karɓe musu rabin abinci. Na ce to uban naka fa? Ya ce ai ba wanda ya kai shi son ubansa, ya ɗauki tsaninsa ya shige.

Sai na koma wurin mai jikin. Wata safiya da gidan ya yi tsit na kai masa kunu, na zauna kusa da shi a benci. Na ce, "Baba, ku fa ake tambaya, ba su ba. In matar nan ta waya ta ce yaya jiki, ku ce kanku na ciwo, ƙafa ta kumbura. Magana ɗaya ce, za su zo."

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. Ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa jin an tambayi mutum jiki ya ce babu sauƙi ba, ko a gadon asibiti ne. Ya ce balle baƙuwa, wadda bai san gidansu ba, a ce ya buɗe baki ya gaya mata ɗansa na yi mata ƙarya. In suka zo suka gane, sunan Ebenezer ne zai shiga takarda, a karanta a ofis, wataƙila har a kira 'yan sanda a kan wayar mutane.

"'Yata, a ɗakinsa nake kwana," ya ce. "Ni na haife shi. Ba da bakina za a ji ba."

Na so in girgiza shi, na so in rungume shi, ban yi ko ɗaya ba. Na karɓi kofin na koma kan kekena, na ɗinka hannun riga a wuya sai da na farke.

A bayan akwatin da aka kawo wayar akwai lamba. Na kwafe ta na kira da tawa wayar. Na'ura ce ta ɗauka, ta ce in danna lambar shaidar mai awo, in kuwa ba ni da ita in kira da wayar da aka ba ni. Na kira sau huɗu, sau huɗu tana gode mini da kira. Ranar Litinin na rufe keke na hau keke napep zuwa asibitin. Ofishin binciken wani ɗan ɗaki ne a baya, da wani saurayi mai suna Alexander a gaban kwamfuta. Na tambayi Sumayya, ya ce an mai da ita Tudun Wada, don tsofaffin Narayi sun samu sauƙi, ba sa bukatar ziyara sosai. Da na ambaci Baba Jethro fuskarsa ta washe. Ya ce ai Baba shi ne abin alfaharinsu, bai taɓa tsallake rana ba, tun bayan mako na biyu kullum kore, har a taro ana ba da misali da shi.

Na ce masa ba hannun Baba ake aunawa ba. Ya tambaye ni ko ni ce mai kula da shi da aka rubuta. Na ce maƙwabciya ce. Ya ce to ka'ida ta hana shi tattauna lafiyar mutum da wanda ba a rubuta ba, kuma kowane awo yana zuwa da hoton fuska da muryar mai shi, ga su nan, mutumin da bakinsa yake cewa da sauƙi. Ya ce wani lokaci maƙwabta kan samu saɓani, ba wai yana nufin ni ba. Ya ba ni wata 'yar takarda na rubuta sunana da lambata, ya ce za a duba. Ina fita na waiga, ya ɗora kofin shayinsa a kanta.

Wata na uku Baba ya fara haɓo. Jini ya ɗiga a farar rigar nan tasa, ya ɓoye ta a ƙarƙashin katifa don kada a ga ya ƙara wa Vivian wanki. Ido ya fara yi masa hazo, ya daina karanta littafin waƙoƙinsa na coci, sai ya riƙe shi a rufe yana rerawa a hankali, wani lokaci baitin ya ɓace masa a tsakiya ya tsaya yana nema. Na ce ya zo mu je kemis a auna shi, ya ce ba zai fita a bayan idon ɗansa ba. Sai na je na roƙi George mai kemis na bakin titi, ya biyo ni da nasa abin awon da rana tsaka, lokacin Vivian ta tafi kai saƙon kaya Sabon Tasha. George ya auna, ya sake aunawa a ɗaya hannun, ya cire tabarau ya goge. Ya ce lambar sama ta haura ɗari biyu, mutumin nan bai kamata ya kwana a gida ba yau. Ya rubuta a takarda ya ba ni.

Na ɗauka takardar za ta yi abin da bakina ya kasa. Ebenezer ya karanta, ya ninke ta, ya ce mai kemis kasuwarsa yake nema, duk wanda ya auna sai ya ce masa yana bakin mutuwa. Sannan ya ƙara da wata magana. Wai likitoci na jami'a da kansu sun duba sun rage magani, sai wani George da bai gama sakandare ba ne zai fi su sani? Na dube shi da kyau in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Ƙaryar da ya shuka da hannunsa ta je ofis ta dawo da hatimin likita, shi kuma ya karɓe ta hannu biyu.

Vivian ta dawo ta ji an shigo da baƙo ɗakin surukinta ba ta nan. Ranar unguwa ta sha kallo. Ta ce ina neman in kashe mata aure, ta ce ni da ba ni da miji a gida na fi kowa sanin yadda ake riƙe na wasu. Mai gidan haya ya kira ni gefe ya ce in ina son ɗakina in tsaya a kan ɗinkina. Matan bakin famfo, waɗanda kowace ta san abin da ake yi da hannun nan, suka ce gaskiya na shiga hurumin da ba nawa ba. Aka sa labule mai kauri a ƙofar Baba. Shi kuma da ya fito washegari bai iya haɗa ido da ni ba, sai ya ce wa bango ina kwana.

Daga nan sai na koma mai ji kawai. Ƙarfe bakwai na safe zan ji takun Vivian, in ji abin yana hura iska, in ji muryar matar waya, in ji Baba. Amsar tasa ce ta riƙa canjawa. Da tana fita a cike, har da godiya ga Allah a ƙarshe. Sai godiyar ta faɗi, ta rage da sauƙi kawai. Daga baya ita ma ta fara nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. Wata rana sai da aka maimaita sau uku, don wayar ta ce ba ta ji ba. Hannunsa na dama ya fara sakin cokali. Vivian ta ce sanyin damina ne.

Wata Talata da safe, cikin Vivian na wata bakwai, ina zura zare a allura sai na ji ƙarar nan sau uku. Na ajiye allurar. Zuciyata ta ce yau Allah ya taɓa ransu, sun naɗa wa tsoho. Na ɗaga labulen ba sallama. Abin yana damtsen Vivian kamar kullum, wayar tana hannunta, fuskar wayar ja wur. Ta sake dannawa, ya sake matsewa, ya sake yin ƙara. Kwana biyu dama tana kukan ciwon kai, zobenta ya matse mata yatsa.

Ta kira Ebenezer tana kuka. Mutumin da yini guda a layin asibiti ya gagare shi, kafin in gama ɗaura mata ɗankwali ya iso da keke napep har ƙofar gida, ya bar aikin mutane a buɗe a Sabon Tasha. Baba yana zaune a bakin gado yana bin su da ido. Da ƙyar ya haɗa maganar, amma na ji ta sarai.

"Ku yi sauri da ita. Jan nan ba abin wasa ba ne."

Na riƙe hannun Ebenezer a ƙofa na ce keken zai ɗauki mutum uku, ya tafi da Baba, asibiti ɗaya ne, layi ɗaya ne. Ya ce ba yanzu ba Anti, ɗaya bayan ɗaya, gobe. Ya fizge hannunsa. Vivian ta jefa wayar da abin awon a jakarta don ta nuna wa likita lambar, suka tafi. Ba na jin haushin an kai ta, ita da abin da ke cikinta ba su yi laifin da za a bar su ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ashe sun san ma'anar ja.

Duk da haka na ji wani sanyi a raina, don jan nan da sunan Baba ya tafi ofis. Na ɗebo ruwa na goge masa fuska, na ciro farar rigar daga ƙarƙashin katifa na wanke na shanya. Na ce masa nas za ta zo, ko ba su so ba. Sai ya tambaye ni ko an ji labarin Vivian.

La'asar sakaliya Ebenezer ya dawo shi kaɗai. An kwantar da Vivian, an ce an zo da ita a kan lokaci. Wayar tana hannunsa. Ashe Sumayya ta kira sau uku daga Tudun Wada, ta ce a sake awo kafin magariba, in ja ne kuma gobe da sassafe tana gidan da motar asibiti. Shi kuma ya ce mata Baba ya sha shayi mai zafi ne kafin awo. Na ga ya nufi ɗakin yana naɗe hannun rigarsa, na riga shi tsayawa a ƙofar.

Na roƙe shi. Ban yi faɗa ba, faɗan ya ƙare mini. Na ce ya naɗa wa tsohon sau ɗaya tak, ni zan yi jinyar, ni zan kwana a asibitin, in rufe keken ɗinkina wata guda in ta kama. Ya ce in nas ta zo ta ga ƙafar nan da bakin nan za ta san ba yau abin ya fara ba, za a tono wata huɗu, wa zai amsa? Ya ce a bari Vivian ta fito, shi da kansa zai kai shi wani asibitin daban inda ba a san su ba. Ya ɗauke hannuna daga jikin ƙofa, ba da ƙarfi ba, ya wuce. Bai ma damu ya saki labulen ba.

Ya zauna inda matarsa ke zama. Ya naɗa abin a damtsensa, ya saukar da hannun, ya ɗaga wayar saitin fuskar ubansa. Gefen bakin Baba na dama ya riga ya ɗan zube, sai ya juya masa fuska ta hagu. Kore ya fito. Muryar ta tambayi jiki.

Na ce da ƙarfi, daga bakin ƙofa, "Baba, ku faɗa mata. Don Allah ku faɗa mata."

Baba ya dube ni. Sannan ya dubi ɗansa, wanda gumi ke tsatstsafo wa a goshi, idonsa ya yi ja don kuka da rashin abinci tun safe. Na ga leɓen tsohon yana motsi, yana tattara kalmar kamar mai ɗaga buhu. Wayar ta ce ba ta ji ba, a sake. Ya ja numfashi, ya dafa gwiwar Ebenezer da hannun da ke aiki.

"Da sauƙi," ya ce.

Motar asibiti ba ta zo ba. Ranar Alhamis da hantsi Baba ya faɗi tsakanin gado da ƙofa, ni na ji faɗuwar. Wannan karon an sami keke, an sami wuri, har mutum huɗu suka shiga. Bai kai Asabar ba.

An yi zaman makoki a tsakar gida, aka kwance igiyoyin shanya aka jera kujerun roba. Ebenezer ya yi kuka na gaske, ba zan ɗauke masa wannan ba. Mutane suka yi ta cewa mutuwar farat ɗaya ce, tsoho yana cikin ƙoshin lafiya, likitoci ma sun shaida. A kwana na uku Sumayya ta zo gaisuwa da karɓar waya. Ta zauna kusa da Vivian, wadda aka sallamo da jakar magunguna, ta ce abin ya ba su mamaki ƙwarai a ofis. Tun bayan zuwanta na farko, kusan wata huɗu jini lafiya lau, rana ɗaya tak ya tashi, kafin yamma ya sauka. Vivian ta goge hotunan atamfofinta ta miƙa wayar.

Na bi Sumayya har bakin titi inda take jiran keke. Na gaya mata kome, tun daga tukunyar miya har zuwa la'asar ɗin Talata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta jingina da sandar wuta, hawaye na bin fuskarta, ta ce ita ce ta yi maganar a gaban mutane, ita ce ta ambaci mai da waya. Sannan ta ciro tata wayar ta aiki, ta buɗe shafin rufe sunan wanda ya rasu, ta nuna mini. Tambaya uku ce. Ranar rasuwa, wurin rasuwa, da ko jininsa yana daidai a awon ƙarshe, e ko a'a. Ta ce awon ƙarshe ya riga ya cike kansa, ba ya goguwa, kuma ba gurbin da za ta rubuta abin da na faɗa. Za ta gaya wa shugabanta da baki, amma iyali ba su kai ƙara ba, mai jikin kuma muryarsa na nan a ajiye, sau ɗari da wani abu yana cewa da sauƙi.

Na tambaye ta me za a yi da lambobin nasa. Ta ce za a haɗa da na sauran a rubuta rahoto, a ga ko rabin magani ya isa tsofaffi irinsa.

Keke ya tsaya ta shiga, da wayar Baba Jethro a jakarta. Ta ce gobe za a bai wa wata tsohuwa a Makera, tana zaune wurin ɗanta.